Mahaucin da Ya Ƙi Cin Nama

A layin mahauta, rumfa ta ƙarshe kafin a kai famfo ita ce ta Bahago. Da wannan suna kowa ya san shi, har da matan da suka fara sayen nama a wurinsa suna amare, yanzu kuma jikokinsu suke aikowa. Da hagu yake sara, da hagu yake fiɗa, amma in an zo yanka sai ya mayar da wuƙa hannun dama, ya yi bisimilla a hankali kamar mai yi wa dabbar raɗa. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, yatsunsa duk tabon wuƙa. A wurin mahaifinsa ya gaji sana'ar, ya gaji kututturen da ake sara a kai, wanda tsakiyarsa ta lotsa saboda daɗewa.

Yana da wata ɗabi'a da abokan sana'arsa suke tsokanarsa da ita. Tun yana saurayi ba ya cin naman da bai san wanda ya yanka ba. In an kawo abinci a wurin taro, sai ya ture tsokar gefe ya ci sauran. Bai taɓa ce wa kowa kada ya ci ba, bai kuma taɓa yin wa'azi a kai ba. In an matsa masa sai ya ce, "Bakina ne ke da tsirfa, ku ci abinku."

'Ya'yansa maza biyu duk sun guje wa wuƙa, ɗaya ya zama makaniki, ɗaya yana sayar da kayan gini. Wadda ta so rumfar ita ce Auta, mace ɗaya tilo. In an tashi makaranta can take zarcewa, ta kifa bokiti ta zauna a bayansa tana aikin gida, tana kora masa ƙudaje da murfin littafi. Shi kuwa sai ya yanko 'yar hanta, ya gasa mata a garwashin mai shayin da ke maƙwabtaka da shi, ya barbaɗa gishiri ya miƙa mata a takarda. Ita ce ta yi karatu mai zurfi, ta zama nas, aiki ya ɗauke ta zuwa wata ƙasa mai nisa. A can ta zauna da mijinta, mai gyaran injinan asibiti, a can ta haifi mace, ta haifi namiji aka sa masa sunan Bahago.

Jikokin nan biyu a waya ya san su. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ita ke riƙe wayar tana zuba hira, shi kuma yana tsaye a bayanta yana ɗaga hannu. Yaran ba sa jin yaren gida sai tsinci-tsinci. Wata rana ya yi ƙarfin hali ya leƙo ya ce wa macen, "Amaryata, yaushe za ki tare ne? Na gaji da tsohuwar nan." Yarinyar ta dubi uwarta, uwar ta fassara mata, sai ta zaro ido ta ruga ta ɓuya bayan kujera. Inna ta yi dariya har da hawaye. Shi ma ya yi dariyar, amma da aka kashe wayar ya daɗe zaune a bakin gado yana murza tafin hannunsa. Jikokin maƙwabta suna hawa kafaɗun kakanninsu suna ja musu gemu, nasa kuwa ko wasan bai iya kai musu ba.

Ana haka Auta ta kira da wata shawara. Ta ce yara za su samu hutu, tana so ta kai su wata ƙasa da ke kusa da su, inda Musulmi suka zauna tun zamanin da, suka bar masallatai da fadodi da rijiyoyi. Ta ce ba ta so su tashi suna zaton addininsu ya tsaya ne a ɗan zauren da suke zuwa karatu ƙarshen mako. Tana so iyayenta su zo a yi tafiyar tare.

Inna ta so zuwa fiye da shi, amma gwiwoyinta sun hana, likita ya ce ko matakalar jirgi ba za ta iya ba. Bahago ya ce to an fasa. Ta harare shi ta ce, "An fasa me? Kai da kake leƙen yara ta bayan ƙeyata kamar ɓarawo? Tashi ka je su san warin jikinka."

Ya bar rumfa a hannun ɗan ƙaninsa ya tafi.

A filin jirgi Auta ta rungume shi tana kuka, shi kuma yana bubbuga bayanta yana cewa, "Ya isa, ya isa, mutane na kallo." Surukinsa ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar jama'a ya gaishe shi. Yaran suka tsaya nesa kaɗan. Macen ta yi tsayi, tana da tabarau, bakinta ba ya hutawa, shi ya sa a gida suke ce mata Aku. Namijin ƙarami ne, ya ɓoye rabin fuskarsa a rigar uwarsa. Bahago ya sunkuya ya ce, "Takwara." Yaron ya kalli yatsun kakan, ya ga tabo, ya ja baya.

Sun kama hayar wani gida mai ɗakuna biyu a saman wani tsohon bene, a lungu mai duwatsu a ƙasa. Tun ranar farko maganar abinci ta taso. Auta ta yi shiri sosai, wayarta cike da sunayen gidajen abincin da aka ce na halal ne, ta jera wanda za su ci a kowane gari. Na farkon da suka shiga yana da tambarin halal manne a gilashi. Amma a bayan kanta kwalaben giya ne jere, kuma shagon da ke jikinsa an rataye cinyoyin alade tun daga rufi. Surukin ya tambayi mai kawo abinci, aka ce masa naman daga wani kamfani yake zuwa a daskare, ga ma takardar shaida a bango. Kowa ya zaɓi abin da zai ci. Bahago ya ce a ba shi burodi da shayi, tafiya ta juya masa ciki.

Washegari ya ce ƙwai. Rana ta gaba ya ce kifi, in babu a kawo dankali. Auta tana kallonsa ta gefen ido. Aku kuwa ta samu aikin yi. In sun shiga kanti sai ta ɗauko kwali ta karanta bayansa da tabaranta a kan hanci, ta juyo ta ce masa, "Kaka, halal," ko ta kaɗa kai ta ce, "Kaka, a'a." Kalmomin nan uku su ne hirarsu ta farko, kuma shi ya riƙa nuna mata kayan da ba ya ma bukata don kawai ta sake faɗa.

Babban masallacin da suka fara zuwa ya fi duk yadda aka ba shi labari. Ginshiƙai ne jere har inda ido ya tsaya, inuwa mai sanyi, ƙasa ta yi santsi saboda ƙafafun da suka taka ta. Bahago ya tuɓe takalmansa a ƙofa ya riƙe a hannu, sai ya ga kowa na shiga da nasa. Surukinsa ya matso ya ce a hankali, "Baba, yanzu ba a salla a nan. Wurin kallo ne." Bai mayar da takalman ba. Ya bi ginshiƙan yana shafa su har ya isa inda liman yake tsayawa a da, wanda aka kewaye da ƙarfe. Ya tsaya yana kallo. Ya yi tunanin sahun da ya taɓa cika wurin nan, masu faci da masu awo da mahauta irinsa da suka wanke hannu suka rugo don kada raka'a ta wuce su. Ya rasa inda suka tafi, ya rasa wa zai tambaya. Bai san lokacin da ya ɗaga hannuwansa yana addu'a ba. Wani mai gadi ya zo cikin ladabi ya yi masa alama da hannu cewa ba a yi. Bahago ya gyaɗa kai ya sauke. Da suka fito harabar masallacin mai itatuwan lemo, ya zauna a bakin wani kwarmin ruwa ya ce wa Auta, "Ruwan alwalarsu ma yana nan yana zuba."

Rigimar ta tashi ne a gari na biyu, kuma Takwara ne ya tayar da ita. Yaron da ke gudun kakansa ashe yana lura da shi. Aka ajiye masa shinkafa da kaza, abin da ya fi so a duniya, sai ya ture farantin ya nuna burodin da ke gaban kakan. Uwarsa ta lallashe shi, ya ƙi. Ta yi masa tsawa, ya fashe da kuka yana faɗin wani abu da yarensu. Bahago ya tambayi Aku da ido. Ita kuwa ta haɗa 'yan kalmominta ta ce, "Ya ce... Kaka ba ci, shi ba ci."

Da suka koma masauki, surukin ya ja yaran waje sayen ruwa. Auta ta tsaya a bakin tagar kicin ta juya masa baya.

"Baba, in kana ganin haram nake ba 'ya'yana, ka faɗa mini kawai."

"Subhanallahi. Wa ya ce haka?"

"Ba sai ka ce ba. Kwana nawa kana cin burodi kamar fursuna? Ka san wahalar da nake sha a kan abincin yaran nan? Ina tashi daga aiki ƙafafuna a kumbure, in shiga mota in tsallaka gari don in sayo nama. Makarantarsu na je na yi ta bayani har suka gaji da ni. Alewa ma sai na karanta bayanta. Yanzu ka zo ka nuna musu duk a banza ne."

Bahago ya zauna a kujerar kicin, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Bai saba da doguwar magana ba, sai da ya nemo ta.

"Auta, ni ban haramta abin da Allah bai haramta ba. Abin da kika ba su halal ne, kuma ladanki ya fi nawa, don ni nama a gabana yake, ke kuwa nemansa kike. Ni dai tsoho ne da ya saba da abu ɗaya. In na kai tsoka baki ban san hannun da ya yanka ba, maƙogwarona rufewa yake. Ko a gidan yayanki haka nake, tambayi Inna."

"To ka gaya wa jikanka."

"Da wane baki zan gaya masa?"

Ta juyo ta dube shi. Shi ma ya dube ta, sai ya sunkuyar da kai. Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, har suka ji hayaniyar yaran a matakala.

Da yamma ya kira Inna ya ba ta labari. Ta ce, "Kai dai ko Aljanna aka kai ka sai ka tambayi wa ya yanka." Ya yi dariya, sannan ya tambaye ta gwiwa, ya tambaye ta ko an gyara famfon tsakar gida, ya tambaye ta abin da ta dafa. Ta faɗa masa. Ya ce ta sake faɗa.

A fadar da suka ziyarta bayan nan ne abubuwa suka fara sauƙi. Bangayen duk rubutu ne da aka sassaƙa, ya naɗe cikin furanni har ba a gane farkonsa. Bahago karatunsa bai yi nisa ba, amma ya san baƙaƙen Alƙur'ani. Yana tsaye yana bin wani layi da ido sai ya ji an ja masa riga. Aku ce, tana nuna sama.

"Kaka, alif!"

"Alif ne. Na kusa da shi fa?"

"Lam. Lam kuma. Ha." Ta tsaya, ta buɗe baki. "Allah!"

"Allah," ya ce.

Suka bi bangon tare, ita tana tsinto baƙi, shi yana haɗa mata. Inda ya yi mata tsayi ya ɗaga ta. Takwara ya ga an bar shi, ya zo ya tsaya a gabansa ya ɗaga hannuwa biyu, sai kakan ya saɓa shi a kafaɗa. Yaron ya riƙe masa kunnuwa kamar linzami. A haka suka gama zagaya fadar, wuyansa na ciwo bai ce a sauka ba. Da za su fita Aku ta raɗa wa uwarta wani abu, ta koyi amsar, sannan ta zo gabansa ta riƙe ƙugu ta ce, "Ni ba na son tsoho. Ba haƙori." Bahago ya yi dariyar da Auta ta ce rabon da ta ji irinta tun tana firamare. Ya ce, "Ai shi ke nan, na fasa auren. Mai ido huɗu ma wa zai ɗauka?"

Ranar Juma'a suka nemi inda za su yi salla. Wayar surukin ta kai su bayan tashar mota, wani shago a ƙasan bene da aka shimfiɗa wa darduma. Ba hasumiya, ba ginshiƙi, takalma sun cika matakala. Mutane kala-kala ne, farare da baƙaƙe, masu kayan aiki da masu kwat. Bahago ya samu wuri a sahu na biyu, kafaɗa da kafaɗa, Takwara a gefensa yana kwaikwayon duk abin da ya yi. Da ladan ya ɗaga murya a ɗan ɗakin nan, sai ya ji ƙirjinsa ya buɗe.

A zaman tahiya idonsa ya faɗa kan hannun mutumin da ke damansa. Yatsu masu kauri, farce a yanke ƙasa-ƙasa, babban yatsa da tsohon tabo a gicciye. Da aka sallame ya miƙa masa hannu, sannan ya juya nasa tafin ya nuna masa. Mutumin, wani tsoho jajir mai farin gashin baki, ya kalli hannun ya kalli fuskarsa, ya yi alamar sara a iska. Bahago ya gyaɗa kai. Tsohon ya kama shi a damtse kamar sun shekara da sanin juna, ya ja shi waje.

Shagonsa na nan a lungu na gaba, ƙarami, fes da shi. Babu yaren da ya haɗa su sai salamu alaikum da alhamdu lillahi. Surukin ya yi ƙoƙarin fassara da waya, suka yi watsi da shi. Tsohon ya buɗe ɗakin sanyi ya nuna rago a rataye, ya daki ƙirjinsa, ya ja yatsa a wuya ya ce bisimilla, wato shi ya yanka da hannunsa. Bahago ya duba wuyan, ya shinshina, ya danna tsokar da yatsa. Tsohon ya ciro wuƙa daga ƙugiya ya miƙa masa ta ƙota. Da ya ga Bahago ya karɓa da hagu sai ya tafa hannu yana dariya, ya kira matarsa daga ciki ta zo ta gani.

Bahago ya fitar da kafaɗa ɗaya, ya yanko hanta. Yaran suna manne da gilashi suna kallo. Rabonsa da riƙe wuƙa tun da ya baro gida, sai ya ji kamar an mayar masa da hannunsa.

A ranar ba su je ko'ina ba, ko da yake akwai wata hasumiya a jerin Auta. Da suka koma masauki, Bahago ya kori kowa daga kicin sai jikokin. Aku ta yanka albasa tana kuka tana dariya, Takwara ya riƙe gishiri. Ya dafa naman ya yi laushi, hantar kuma ya gasa ta a kasko. Da ta yi, ya duba bai ga abin da yake nema ba, sai ya yage gefen takardar da aka naɗo burodi, ya ɗora 'yan yanka a kai ya barbaɗa gishiri, ya leƙa falo.

"Auta, karɓi."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta daɗe tana kallon takardar da mai ya fara ratsawa, sannan ta tashi ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Aku ta tambayi ubanta ko yaji ne ya yi yawa. Ya ce mata e, yaji ne.

Takwara ya ci har cikinsa ya yi tulu. Bahago ya sa Auta ta fassara wa yaron magana ɗaya bayan ta fito: duk abin da uwarsa ta ajiye masa ya ci, don ita ma 'yar mahauci ce, ta san nama.

Sauran kwanakin sun wuce da sauri. Sun ga wata tsohuwar makaranta, sun ga rijiyar da har yanzu take da ruwa, sun hau ganuwa, Bahago yana tsayawa yana haki yaran na jan sa. A filin jirgi hanyarsu ta rabu, su ƙofa ɗaya, shi wata. Aku ta yi masa alƙawari da bakinta cewa hutu mai zuwa za su zo gida. Takwara kuwa ya riƙe masa ɗan yatsa, sai da ubansa ya ɓamɓare hannun. Bahago ya tafi bai waiwaya ba, don ya san in ya waiwaya za a ga fuskarsa.

Ya koma rumfarsa. Abokan layi suka yi ta tambayarsa abin da ya gani, ya ce gine-gine ne masu kyau, Allah ya jiƙan waɗanda suka yi su. Yanzu da safe kawai yake fita, ɗan ƙanin nasa ke ƙarasa yini. In wata yarinya mai tabarau ta zo aike, yakan ƙara mata tsoka ɗaya. In waya ta yi ƙara ranar hutu, shi ke riga Inna ɗauka, har tana cewa ya ƙwace mata jikoki.

Hutun da aka yi alƙawari ya zo, Aku na da jarrabawa. Na bayansa ba a ba Auta izini a wurin aiki ba. Bahago bai yi ƙorafi ba, ya ce Allah ya kai mu. Amma ɗakin da ke kusa da nasu, wanda aka mayar wurin ajiye tarkace, ya kwashe shi tas, ya sa an yi masa fenti, ya kira kafinta ya haɗa ƙananan gadaje biyu. Inna ta leƙa ta ce, "Kafin su zo ai ƙafafunsu sun wuce gadon nan." Ya auna gadon da ido, sannan ya ce gobe zai koma wurin kafintan ya ji ko ana iya ƙara masa tsawo.